Me ya sa kaurin ruwa ke komawa ƙasa da sifili a kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina digiri na biyu a fannin lissafi, kuma aikin da aka ba ni shi ne kwararar siririyar shimfiɗar ruwa a kan gangare, irin yadda fenti ke zubowa a jikin bango. Na rubuta furogiram da zai warware ikweshan ɗin shimfiɗar, amma da ya yi 'yan taku sai lambobin su haukace. Wani lokacin kuma kaurin ruwan ne ke komawa ƙasa da sifili, daga nan NaN, alamar da kwamfuta ke nunawa idan sakamako ba lamba ba ne, ya cika allo. Ina kuskuren yake? Kuma me zai hana in ajiye wannan ikweshan, in ɗauki Navier-Stokes, babban ikweshan ɗin kwararar ruwa, gaba ɗayansa in saka a babbar manhaja irin OpenFOAM, tunda shi ne na asali?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ban ga furogiram ɗinka ba, amma alamomin da ka faɗa sanannu ne, kusan duk wanda ya taɓa wannan aiki ya sha su. Ciwo biyu ne daban-daban: haukacewar lambobi ɗaya, faɗawa ƙasa da sifili ɗaya, kowanne da maganinsa. Sai dai kafin magani, dole mu koma mu duba yadda aka haifi ikweshan ɗin da ke hannunka, domin gardamar da yake yi maka tana cikin halittarsa.

Mu fara daidaita baki kan kalmomi, don Hausa na iya ruɗa mu a nan. Muna cewa katako mai kauri, muna kuma cewa zuma mai kauri, alhali abubuwa biyu ne. A wannan amsa, idan na ce kauri ina nufin tudun shimfiɗar daga jikin bango zuwa samanta, wato h. Ƙin gudu irin na zuma kuwa zan kira shi danƙo, alamarsa μ. Saman ruwa yana da wata ɗamewa kamar ta fatar ganga, wadda ke sa ɗigo ya dunƙule. Ita ce σ. Ruwa kuma ina nufin duk abin da ke kwarara, fenti ne ko mai ko hawaye.

Asalin wannan lissafi daga gindin jirgin ƙasa ya fito. A 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, yana gwaji kan yadda mai ke rage gogayya tsakanin sandar ƙafar jirgi da mazauninta. Ya huda rami a saman mazaunin don zuba mai, sai ya ga man yana ɓulɓulowa waje. Ya toshe ramin, matsin man ya tunkuɗo toshiyar. Wato siririn man nan da ido ba ya ko kula da shi yana ɗauke da matsin da ya isa ya tallafi nauyin da ke kansa. Osborne Reynolds na Manchester ne ya bayyana dalilin a 1886, kuma dabarar da ya yi ita ce muke amfani da ita har yau: ya lura cewa idan kauri ya yi ƙanƙanta sosai a kan tsawo, yawancin sassan Navier-Stokes ba su da wani tasiri, ana iya zubar da su da hujja.

Hujjar ita ce lamba guda, ε, wato kauri a raba da tsawon da shimfiɗar ke sauyawa a kai. Fenti mai kaurin milimita 0.1 wanda ke sauya siffa a tsawon santimita 10 yana da ε na 0.001. Idan ka auna kowane sashe na Navier-Stokes da wannan ma'auni, za ka ga wasu sun ƙanƙance da ε, wasu da ε², wanda a misalinmu ɗaya ne cikin miliyan. Abin da ya rage mai sauƙi ne. Matsi ba ya sauyawa daga bango zuwa sama sai gwargwadon nauyin ruwan. Ruwan da ke manne da bango ba ya motsi, na sama ne ya fi gudu, kuma gudun yana ƙaruwa da siffar rabin baka, wadda Wilhelm Nusselt ya rubuta a 1916 lokacin da yake nazarin tururi da ke komawa ruwa a jikin bango mai sanyi. Ka tara wannan gudu daga ƙasa zuwa sama, ka samu yawan abin da ke wucewa, q. Sai ka ce ruwa ba ya ɓacewa kuma ba ya ƙaruwa:

h_t + q_x = 0

q = (h³ / 3μ) × (ρg sinθ − ρg cosθ h_x + σ h_xxx)

A nan θ ita ce kusurwar gangaren, ρ nauyin ruwan a kowane ma'aunin cika, g jan ƙasa; h_t sauyawar h da lokaci, h_x sauyawarsa a tsawon gangaren, yawan x kuma yawan maimaita wannan ne. Ka duba ribar da aka ci. Da farko muna neman gudu ta fuskoki biyu da matsi a kowane ɗigo na cikin ruwa, a fili wanda iyakarsa ta sama ita kanta ba a san ta ba. Yanzu abu ɗaya muke nema, h, a kan layi. Amma ba a ci ribar nan kyauta ba. Kuɗin da aka biya suna wurare biyu, kuma su ne ciwukanka biyu: σ h_xxx da ke ƙarshe, da h³ da ke gaba.

Ɗauki na farko. Matsin da ɗamewa ke haifarwa ya dogara da lanƙwasar saman ruwa, h_xx. Ruwa yana bin bambancin matsi, sai ya zama h_xxx. Ka saka a ikweshan na sama, ya zama h_xxxx. Ikweshan mai daraja ta huɗu ke nan, kuma halinsa ya bambanta da na yaɗuwar zafi mai daraja ta biyu wanda aka saba koyar da mu da shi a aji.

Ga yadda za ka gan shi da ido. Ka shafa fenti da buroshi, sai ya bar layuka. Idan ɗamewa kaɗai ke aiki, layukan suna bajewa da saurin σh³k⁴/3μ, inda k ke nufin 2π a raba da tazarar layukan. Mu ɗauki fenti mai danƙo sau 1,000 na ruwan sha, ɗamewarsa 0.03 a ma'aunin Newton kan mita, kaurinsa milimita 0.1. Layukan da ke da tazarar milimita 5 za su ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a sakan 40. Masu tazarar santimita 1, ninki biyu kacal, sai sun kusa minti 11. Ninka tazara sau 2, lokaci ya ninku sau 16. Shi ya sa ƙananan sawun buroshi ke ɓacewa nan take, manyan tudun kuwa fenti ya bushe da su.

Yanzu juya maganar. Mafi ƙanƙantar igiyar da ragar kwamfutarka, wato jerin ɗigogin da kake lissafa h a kansu, za ta iya ɗauka ita ce mai tsawon idon raga biyu, ɗigo ɗaya sama, na kusa da shi ƙasa. A lissafi wannan igiya tana mutuwa da saurin walƙiya. Idan kana amfani da hanyar fili, wato kana lissafa h na gaba daga h na yanzu kawai, irin ta Euler ko Runge-Kutta da aka saba, to dole takunka na lokaci ya fi wannan saurin gajarta. In ba haka ba, gyaran da kwamfuta za ta yi wa ɗigon zai zarce, tudu ya koma rami mafi zurfi, a taku na gaba ramin ya koma tudu mafi tsawo, cikin taku ashirin ko talatin lambobi sun fi ƙarfin kwamfuta. Ga iyakar a fili: idan ka sauƙaƙa ikweshan ya zama h_t = −h_xxxx, Euler ta fili tana buƙatar taku da bai wuce Δx⁴/8 ba. Da idon raga 0.01, takun bai wuce 1.25 × 10⁻⁹ ba, wato taku miliyan 800 kafin ka kai lokaci 1. Ikweshan ɗin zafi a kan raga iri ɗaya taku 20,000 yake so. Kuma duk lokacin da ka raba idon raga biyu, aikin ya ninku sau 32: sau 16 a lokaci, sau 2 a yawan ɗigogi. Ina kyautata zaton a nan lambobinka suke haukacewa. Gwajin mai sauƙi ne: ka zana h ana gab da fashewa. Idan ka ga haƙoran zarto, ɗigo sama ɗigo ƙasa, to shi ne.

Maganin shi ne hanyar ɓoye, inda ake lissafa q da h na gaba wanda ba a riga an sani ba, sai a warware dukkan ɗigogin a tare. Mutane na jin tsoronta saboda h³ ya sa lissafin ba miƙaƙƙe ba ne, amma abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kowane ɗigo yana magana ne da maƙwabta biyu a dama da biyu a hagu, don haka matiris ɗin layuka biyar ne kawai a tsakiyarsa, sauran duk sifili, kuma warware shi yana tafiya daidai da yawan ɗigogi. Ka ɗora hanyar Newton a kai, zagaye uku ko huɗu a kowane taku sun isa idan takun bai yi tsawo ba. Ka bar takun ya riƙa sauyawa da kansa: Newton ya ƙi zama, raba takun biyu ka sake; ya zauna da wuri sau da yawa a jere, ƙara tsawonsa kaɗan. Ni shawarata ka fara da Euler ta ɓoye, duk da ba ta kai Crank-Nicolson daidaito ba. Crank-Nicolson ba ta fashewa, amma ba ta kashe ƙananan igiyoyin nan da kyau idan taku ya yi tsawo, sai su zauna suna kaɗawa a bakin ruwa. Idan komai ya daidaita sai ka koma BDF, wata hanyar ɓoye, mai daraja ta biyu. In kuma ba ka son rubuta wannan da hannu, ka raba fili kawai ka miƙa wa ode15s na MATLAB ko solve_ivp na SciPy da zaɓin BDF, amma ka gaya masa siffar matiris ɗin, in ba haka ba zai ɓata lokaci yana lissafa sifilai.

Ciwo na biyu ya fi zurfi, kuma a nan gizo ke saƙa, domin hanyar ɓoye kaɗai ba ta warkar da shi.

Ikweshan ɗin zafi yana da wata ɗabi'a mai kwantar da hankali: idan ka fara da zafin da ke sama da sifili ko'ina, ba zai taɓa sauka ƙasa da mafi ƙanƙantar abin da ka fara da shi ba. Daraja ta huɗu ba ta da wannan alkawari. Ka ɗora tudu a kan shimfiɗa lebur ka bar shi ya baje, za ka ga a gefensa ruwan ya ɗan lotsa ƙasa da inda yake da farko kafin ya dawo. Wannan ba kuskuren kwamfuta ba ne, haka ruwan yake yi. A gaban fentin da ke gangarowa akwai kumburi a baki, kuma gaban kumburin akwai ɗan lotsawa. Abin da ke hana lotsawar ratsa sifili a ikweshan na gaskiya shi ne h³: yayin da kauri ke raguwa, hanyar fitar ruwa tana toshewa da sauri fiye da yadda ruwan ke ƙarewa. Francisco Bernis da Avner Friedman sun tabbatar da wannan a 1990 ga ikweshan mai siffar h_t + (hⁿ h_xxx)_x = 0: akwai amsoshin da ba sa sauka ƙasa da sifili, kuma idan n ta kai 4, shimfiɗar da ta fara sama da sifili ba ta ko taɓa shi. Kariyar tana cikin h³ ɗin. Idan ka raba shi a kan raga ba tare da kula ba, ka zubar da kariyar. Da h ta sauka ƙasa da sifili ko da ƙiris ne, h³ ya zama ƙasa da sifili, sashen da ke baje igiyoyi ya koma mai hura su, sai NaN.

Inda ake yin kuskuren shi ne a tsakanin ɗigogi biyu. Da farko dai, kada ka buɗe baka ka rarraba (h³ h_xxx)_x zuwa gutsattsari. Ka lissafa q a kan iyakar da ke tsakanin kowane ɗaki biyu na raga, abin da ya fita daga wannan shi ne ya shiga wancan, ta haka jimillar ruwa ba za ta sauya ba sai da kuskuren ƙarshen lambobi. To amma a kan iyakar, wane h³ za ka ɗauka, tunda na hagu a ne, na dama b? Hannu yana saurin rubuta (a³ + b³)/2. Mu gwada da lambobi. A bakin ruwa a ce a = 1, b = 0.01. Wannan matsakaici ya ba da kusan 0.5. Ma'ana ɗakin da ruwansa bai wuce 0.01 ba an buɗe masa ƙofa mai faɗin rabin ta maƙwabcinsa mai kauri, taku ɗaya ya isa a kwashe abin da ke ciki har a ci bashi. Liya Zhornitskaya da Andrea Bertozzi sun nuna wata hanyar ɗaukar matsakaici wadda ke riƙe da irin kariyar da Bernis da Friedman suka gano. Ga h³ tana ba da:

2a²b² / (a + b)

Idan a da b ɗaya ne, ka samu a³, kamar yadda ya kamata. A misalinmu kuwa ka samu kusan 0.0002. Ƙofar ta tsuke gwargwadon talaucin ƙaramin ɗakin. Layi ɗaya ne a furogiram, amma bambancinsa kamar dare da rana.

Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka rubuta cewa duk inda h ya sauka ƙasa da sifili a mayar da shi sifili ko wata 'yar lamba. Na taɓa yin haka ina ɗalibi, hotuna suka fito gwanin kyau, sai da na tara jimillar ruwan na ga ya ƙaru a hanya ba tare da kowa ya zuba ba, bakin ruwan kuma ya riga inda ya kamata ya kai. Makonni na yi ina gina bayani a kan sakamakon da ni na ƙirƙire shi da hannuna.

Saura batun bakin ruwa kansa, layin gaɓa inda ruwa da bango da iska suka haɗu. Ban sani ba ko a aikinka fentin yana sauka ne kan busasshen bango, amma in haka ne, akwai matsalar da ta girmi kwamfuta. Mun ce ruwan da ke manne da bango ba ya motsi. Mun kuma ga da idonmu cewa bakin ruwa yana tafiya. Chun Huh da L. E. Scriven sun nuna a 1971 cewa idan ka riƙe maganganun biyu a tare, ƙarfin da ake buƙata don motsa layin gaɓa ba shi da iyaka. A ikweshan ɗinka wannan yana fitowa ne a matsayin h³ da ke zama sifili a busasshen wuri, bakin ruwan ya kafe. Idan ka ga yana tafiya a kwamfutarka alhali ka saka h = 0 a gabansa, to kuskuren raga ne ke tafiyar da shi, kuma saurinsa zai sauya duk lokacin da ka sauya raga.

Hanyoyin fita biyu ne suka fi shahara. Ko ka yarda ruwa yana ɗan zamewa a jikin bango, sai h³ ya zama h³ + 3λh², inda λ ke auna santsin. Ko kuma ka shimfiɗa wani siririn ruwa na share fage a gaban bakin, mai kauri b, ta yadda babu inda h ke zama sifili. Na biyun ya fi sauƙin rubutawa kuma ya fi sauƙin lissafi, shi nake ba masu farawa shawara. Amma yana da sharaɗi wanda Javier Diez da Lou Kondic da Bertozzi suka bayyana: idon raga, a ma'aunin da aka daidaita, kada ya wuce b da yawa. Ka saka b = 0.001 da idon raga 0.1, ka koma gidan jiya, domin lotsawar nan da ke gaban kumburi ta fi ragarka ƙanƙanta. A zahiri irin wannan share fage kaurinsa na nanomitoci ne, fentin kuwa na kusan milimita, tazara mai kaiwa sau dubu ɗari ko miliyan, kuma babu mai warware wannan da raga mai ido ɗaya ko'ina. Sa'ar da aka yi ita ce sakamakon ya dogara da b ta hanyar logaridim ne kawai, a hankali ƙwarai. Don haka ka gudanar da b = 0.1, da 0.01, da 0.001, ka nuna yadda tsayin kumburi ke sauyawa, ka rubuta shi a fili a kundinka. Mai jarrabawa da ya san aikin zai tambaya.

Ta yaya za ka san furogiram ya gyaru? Kyan hoto ba shaida ba ne. Akwai amsoshin da aka sani da alƙalami, su za ka sa shi ya maimaita. Ka ɗora 'yar igiya a kan shimfiɗa lebur ka auna saurin mutuwarta, ya dace da σh³k⁴/3μ. A kan gangare, ƙaramin tudu mai faɗi yana tafiya da ninki biyu na gudun saman ruwa, ninki uku na matsakaicin gudu. Ɗigo mai siffar da'ira da ɗamewa ke bajewa yana faɗaɗa da lokaci a ƙarfin 1/10, dokar da ake jingina wa Tanner tun 1979, wato kafin faɗinsa ya ninka biyu sai lokaci ya ninku sau 1,024. Idan nauyi ne ke baje shi, ƙarfin 1/8 ne, kamar yadda Herbert Huppert ya nuna a 1982; a lissafin kan layi ɗaya irin naka kuwa 1/7 da 1/5 za ka samu a maimakon 1/10 da 1/8. Wanda na fi so shi ne ka kifar da shimfiɗar ta rataya a ƙarƙashin rufi, wato cosθ ya zama −1. Nan nauyi yana jan ruwa ya taru, ɗamewa tana hanawa, kuma igiyar da ta fi saurin girma tsawonta 2π√2 ne sau tsawon da nauyi da ɗamewa ke yin kunnen doki, √(σ/ρg). Ga ruwan sha wannan tsawo milimita 2.7 ne, don haka ɗigogin za su jeru da tazarar kusan santimita 2.4. Gwaji ɗaya ya kama maka kuskuren alama a sassa biyu. Bayan haka ka raba idon raga biyu, ka sake rabawa, ka ga ko bambancin yana raguwa sau 4 kowane karo.

Yanzu tambayarka ta biyu. Amsar ba ta dogara da wane ikweshan ya fi daraja ba, ta dogara da wane ruwa kake magana a kai. Cikin abubuwan da Reynolds ya zubar har da nacin gudu, wato halin abu mai tafiya na son ci gaba da tafiya. Zubar da shi ya halatta ne idan ε sau lambar Reynolds ƙarami ne. Mu lissafa, da lambar Reynolds a matsayin ρq/μ. Gilisarin mai kaurin milimita 1 a tsayayyen bango: samansa yana tafiyar kusan milimita 4 a sakan, lambar Reynolds kusan 0.003. Ikweshan ɗinka ya wadatar, fenti ma haka ta wannan fuska. Ruwan sha mai kaurin milimita 0.2 kacal: samansa yana gudun kusan santimita 20 a sakan, lambar Reynolds 26. Nan labari ya sauya.

Abin da ke faruwa a nan Pyotr Kapitza ne ya fara nazarinsa da kyau. Bayan an sauke shi daga shugabancin cibiyarsa a 1946, ya koma gidansa na bayan garin Mosko ya haɗa ɗakin gwaji, shi da ɗansa Sergei suka ɗauki hotunan ruwa yana gangarowa a jikin bututu, suka wallafa a 1949. Ruwan ba ya sauka lebur, yana yin igiyoyi, wasu tilo masu babban kai da ƙananan kaɗawa a gabansu. Brooke Benjamin a 1957 da Chia-Shun Yih a 1963 sun gano iyakar: shimfiɗa lebur tana lalacewa idan lambar Reynolds ta wuce 5/6 na cotθ. A gangaren digiri 5 wannan kusan 9.5 ne. A tsayayyen bango sifili ne, wato kullum akwai doguwar igiyar da ke girma, sai dai ga ruwa mai danƙo girman nata ya yi jinkirin da ba za a lura ba. Ikweshan ɗinka ba zai taɓa nuna waɗannan igiyoyi ba, komai kyan ragarka, domin abin da ke haifar da su an cire shi tun a takarda.

Ko a nan ma ba a tsallakawa kai tsaye zuwa Navier-Stokes. David Benney a 1966 ya mayar da nacin gudu a matsayin ƙaramin gyara a ikweshan guda. Yana ba da iyakar 5/6 daidai, amma da ka ɗan yi nisa da iyakar sai amsarsa ta fashe cikin ƙayyadadden lokaci, kuma wannan fashewa ta samfurin ce, babu dabarar kwamfuta da za ta hana ta. Ka riƙe wannan, don idan ikweshan ɗin da aka ba ka yana da sashe mai h⁶, to na Benney ne, kuma NaN ɗinka na iya zama gaskiyar ikweshan ɗin. Shkadov a 1967 ya bar h da q su zama abubuwa biyu masu zaman kansu, fashewa ta kau, amma iyakar ta kauce da kashi 20 cikin 100. Christian Ruyer-Quil da Paul Manneville suka gyara wannan a 2000 ta hanyar sauya yadda ake tara ikweshan ɗin daga bango zuwa sama, kuma samfurinsu shi ne abin da zan ɗauka ga ruwa mai lambar Reynolds ta 'yan gomomi.

Cikakken Navier-Stokes yana da wurinsa: inda saman ruwa ya kife a kan kansa har h ta zama tana da daraja biyu a wuri ɗaya, inda ɗigo ke tsinkewa, inda bango ke da kusurwa mai kaifi, inda iska mai ƙarfi ke kaɗa ruwan. Amma ka san abin da za ka tarar. Kana buƙatar ɗakuna goma zuwa ashirin a cikin kaurin da bai kai milimita ba, a tsawon da ya kai santimita da yawa. Hanyar da interFoam na OpenFOAM ke bi, ta bin kason ruwa a kowane ɗaki, wadda Hirt da Nichols suka gabatar a 1981, tana wahala wajen lissafa lanƙwasa, sai ta haifar da guguwar ƙarya a saman ruwa, wadda a shimfiɗa mai tafiyar hawainiya tana iya yin gogayya da gudun gaskiya. Ɗamewa tana da tata iyakar takun lokaci a can ma. Matsalar layin gaɓa kuwa tana nan daram, sai dai ta ɓuya: raga ce ke samar da santsin, sakamako ya riƙa bin girman idonta. Basilisk, wadda Stéphane Popinet ya rubuta, ta fi iya lanƙwasa kuma tana tsananta raga inda ake buƙata, idan har ka kai ga nan.

Ga aikinka na fenti akwai abin da ya fi nacin gudu muhimmanci, kuma Navier-Stokes na asali bai san da shi ba: danƙon fenti ba lamba ɗaya ba ce. Yana raguwa idan buroshi ya murza shi, yana dawowa idan an bar shi, yana ƙaruwa yayin da yake bushewa, wani ma ba ya motsi sai ƙarfin da ke jansa ya wuce wani mizani. Duk waɗannan suna shiga samfurin shimfiɗa cikin sauƙi, ta hanyar sauya h³/3μ da wani abu daban. Ka tambayi mai duba aikinka wanne daga ciki yake so, kafin ka gyara layin farko na furogiram, saboda matsakaicin 2a²b²/(a + b) na h³ ne kaɗai. Idan ƙarfin h ya sauya, sai ka sake fitar da nasa.